Mai Jiran Kalilu

Asibitin ba shi da na'urar duba ƙwaƙwalwa, saboda haka tocilar nas Salmatu ce ke wannan babban aikin. Bayan isha tana haska idon Kalilu, direban da aka fasa wa kai a faɗan tashar iyakar Jibiya, sai ta ji ƙarnin jini a bayanta.

"Malama, za shi tashi?" in ji wani mutum, muryarsa kamar daga cikin randa.

"Idonsa na amsa haske. Ɗan'uwanka ne?"

"Ni ya daɓa wa wuƙa. Jiranshi nike."

Ta juya tocilar kan mutumin. Ƙwayar idonsa a buɗe take irin ta gawa, ko motsi ba ta yi ba. Hannunsa kuwa tuni ya kai maƙogwaron Kalilu.