Wanda Aka Bari A Tsibirin Yashi

Matan da ke noman ciyawar teku ne suka tsinci gawar da hantsin Litinin, ta sarƙe a igiyoyinsu. Sufeto Rajabu Mdoe ya bar shayinsa ya taka da ƙafa zuwa gaɓa, domin a wannan watan motar ofis taya uku gare ta.

Mamacin ƙaƙƙarfan mutum ne mai tumbi, ya doshi sittin. Gajeren wando, agogon zinariya, gilashin karatu rataye a wuya, waya cikin 'yar jakar roba ɗaure a hannu. Babu rauni ko ɗaya a jikinsa.

"Afande, wannan ba iyo ya shiga ba," in ji Sajan Marwa, yana kiransa Afande yadda ake kiran babban ɗan sanda a nan. "Wa ke shiga ruwa da gilashin karatu?"

"Wataƙila jarida ya je karanta wa kifi. Waye shi?"

"Baƙon da aka ce ya ɓata jiya a yawon jirgin ruwa. Salehe Dossa, daga birnin Tanga."

Mdoe ya sake duban fuskar. Ya san sunan. Shekara takwas da suka wuce wani jirgin ruwan Dossa ya tashi zuwa tsibirin Pemba da mutum casa'in da 'yan kai, alhali na arba'in ne, ya kife tun ana hango shi daga gaɓa. Mdoe, yana sajan a lokacin, ya yi wata guda yana rubuta bayanan waɗanda suka rasa 'yan uwa. Fayil ɗin ya tafi sama, kuma kamar yawancin abin da ke tafiya sama, bai dawo ba.

Da ya koma ofis ya tarar shugabansa ya riga ya gama binciken daga kan kujera. Tun jiya aka rufe Mzee Sudi, wato Dattijo Sudi, matuƙin jirgin da ya kai baƙin yawo. Laifin sakaci da ya jawo asarar rai, kotu ranar Laraba.

"Tsohon ya amsa da bakinsa," in ji shugaban. "Dangin mamacin manya ne, waya ba ta huta ba tun safe. Ka sa hannu kawai."

Mzee Sudi shekararsa saba'in da ɗaya. Ko shekara biyar aka yanke masa, a makara zai fito. Mdoe ya ce zai sa hannu da zarar ya sami biro mai rubutu, ya fice.

A masaukin baƙi ya sami Bwana Lyimo, abokin kasuwancin mamacin, yana zaune da ƙafafu cikin robar ruwa saboda ƙunar yashi.

"Mu ashirin da uku muka zo, jirgi biyu," in ji Lyimo. "Aka kai mu wajen duwatsun murjani, muka sa gilashin iyo da bututun numfashi muka kalli kifi. Da azahar aka sauke mu a tsibirin yashi muka ci abinci. Ƙarfe uku ruwa ya fara dawowa, aka ce a hau."

"Dossa a wane jirgi ya je?"

"Na tsohon. Amma da dawowa kowa ya hau wanda ya fi kusa. Mu muka ɗauka yana wancan, su suka ɗauka yana namu."

"Yaushe kuka gane ba ya nan?"

"Nan take, Afande. Muna sauka."

"An rubuta rahotonku ƙarfe shida da rabi. Kun sauka ƙarfe huɗu."

Lyimo ya motsa yatsun ƙafarsa cikin ruwa. "To... sai da aka zo neman makullin mota."

"Abota ke nan. Ya iya ruwa?"

"Salehe? Ko a baho sai ya riƙe gefe. Da rigar ceto ya shiga, yana kururuwa."

"Tsohon ya ƙirga kafin ku tashi?"

"Da ƙarfi ma. Ba mutane ya ƙirga ba, kayan iyo. Ɗaya, biyu, har sha biyu. Muka yi masa tafi."

Duk wanda ya tashi a wannan gaɓa ya san ƙa'idar. Matuƙan ba sa ƙirga kawuna, domin baƙo ba ya zama wuri ɗaya, kuma yana sauya jirgi yadda ya ga dama. Kaya suke ƙirgawa: gilashi, bututu da rigar ceto, a ɗaure wuri ɗaya. Kowane baƙo yana riƙe da nasa har sai ƙafarsa ta hau tsanin jirgi, sannan a karɓa a jefa a kwando. In kwandon kowane jirgi ya cika, babu wanda ya rage a baya. Shi kuwa tsibirin, awa huɗu yake yi a sarari. Ranar Lahadi sha biyar ga wata ce, wata ya cika, ranar da ruwa ke shanye shi har ya wuce tsayin mutum biyu.

Mzee Sudi yana zaune a ƙasan sel, ya naɗe ƙafafu, hularsa a gwiwa.

"Mzee, shekara nawa kana kai mutane tsibirin nan?"

"Tun kana tsotson yatsa, ɗana."

"Ka taɓa barin wani?"

"Jiya."

"Yaya aka yi?"

"Sha ɗaya ne a kwando, na ce sha biyu. Ido ya tsufa. Kawo takardar in dangwala."

"Kana sauri kamar wanda za a ba kyauta."

"Kai ma kana da aiki. Kada in ɓata maka lokaci."

"Su wa ke aiki a jirginka?"

"Ni da mai inji. Shi yana baya, bai ga komai ba."

"Wa ya dafa abinci?"

Tsohon ya juya hularsa, ya kaɗe ƙurar da babu ita. "Wata mata ce."

"Ba ta da suna?"

"'Yata ce, Mwanaisha. Tukunya kawai ta sani. Ka bar ta, Afande."

Jirgin yana kwance a kan yashi, ruwa ya janye ya bar shi a karkace. Marwa ya jawo kwandon daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Kowane ɗauri da lambarsa, an rubuta da jan fenti. Suka jera su.

"Sha biyu, Afande."

"Sake ƙirgawa."

"Sha biyu. Na yi firamare."

"To in tsohon ya yi kuskure, sha ɗaya ya kamata mu gani. Da na sha biyun yana can ƙarƙashin teku tare da takalman Dossa. Wani ne ya miƙa kayan mutumin alhali mutumin bai hau ba."

Mdoe ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk warin gishiri da roba suke yi, in ban da lamba bakwai. Igiyar gilashinsa ta narke a gefe guda, kuma rigar tana ƙaurin gawayi da man kwakwa. Ya aika Marwa ya duba hotunan da ke wayar Lyimo. Bayan rabin awa sajan ya dawo yana haki: ga Dossa cikin ruwa zuwa gwiwa, ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe, da jan bakwai a ƙirjinsa.

A tsibirin yashi wuta ɗaya ce ake hurawa, ta mai girki.

Kafin ya je ko'ina, Mdoe ya biya gidansa. A ƙasan akwati, ƙarƙashin takardun makaranta, akwai littafin aljihunsa na shekarar da jirgin Pemba ya kife. Ya bi sunayen waɗanda suka mutu da yatsa, yana fatan kada ya samu. A shafi na tara ya samu. Haruni, shekara shida. Zena, shekara huɗu. Uwa: Mwanaisha Sudi, ta tsira. Da hannunsa ya rubuta, har ya ja layi a ƙasa, irin na mutumin da ya ɗauka abin da yake rubutawa zai yi amfani.

Ya daɗe zaune a bakin gado. Babu wanda ya san da lamba bakwai sai shi da Marwa, kuma Marwa yana mantuwa in an roƙe shi. In ya yi shiru, tsoho zai mutu a kurkuku kan abin da bai yi ba. In ya yi magana, zai fitar da tsohon ya karya shi ta wata hanyar. Ya nemi hanya ta uku bai gani ba, ya sa hularsa.

Ya sami Mwanaisha da la'asar a bayan gida tana kankare kwakwa. Siririyar mace ce, ba ta kai arba'in ba. Ba ta tashi ba, ta dai tura masa kujera da ƙafa.

"Dada, kin san Salehe Dossa?" in ji Mdoe, yana kiranta 'yar'uwa a harshen gaɓar.

"Baƙi suna da yawa. Ba na tambayar suna."

"Bai yi miki magana ba jiya?"

"Ba wanda ke yi wa mai girki magana, sai in gishiri ya yi yawa."

Mdoe ya ciro gilashin lamba bakwai daga leda ya ajiye a kan tabarma, gefen da ya narke yana sama. Kusa da shi ya buɗe littafin a shafi na tara.

Ta dubi gilashin sau ɗaya. Littafin ta daɗe tana kallo.

"Kai ne ashe," ta ce. "A lokacin ba ka da furfura. Ka ce min in kwantar da hankalina, hukuma tana kan maganar."

"Na ce."

"Tana kai har yanzu?"

Mdoe ya rufe littafin. Ta ajiye kwakwar ta goge hannu a zaninta.

"Ban shirya ba, Afande, kada ka rubuta cewa na shirya. Da ya hau jirgi na gane shi. Kwana goma sha ɗaya na yi a ƙofar ofishinsa a Tanga, kullum yana wuce ni ya shiga mota. Jiya ya dube ni ido cikin ido ya ce, 'Mama, ina fatan kifin sabo ne.' Na ce sabo ne. Na zuba masa da hannuna. Ya ci, ya nemi ƙari."

"Sannan?"

"Ya zo wajen wuta yana lasar yatsa. Ya ce bai taɓa cin shinkafar kwakwa irin tawa ba. Ya ce, 'Kina da yara?' Na ci gaba da hura wuta. Ya ce, 'Lallai yaranki sun more.'"

Wata kaza ta zo ta tsattsagi ɓawon kwakwar. Ba wanda ya kore ta.

"Sai ya tuɓe kayan ya jefar kusa da murhu. Ya ce zai zaga bayan tudu ya yi waya, ya ɗan kishingiɗa, surutun abokansa ya ishe shi. Ya ce, 'In za a tafi ki tashe ni, Mama.' Ruwa ya fara dawowa. Baba ya kira a hau. Na kwashe tukwane, na naɗe kayan cikin tsumma tare da su. Da na zo tsani, Baba ya juya yana taimakon wata mata, na saki ɗaurin a kwando. Shi ke nan abin da na yi. Ko taɓa shi ban yi ba."

"Kin waiwaya?"

"Mun yi nisa sannan ya tashi. Na hango shi ɗan ƙarami a kan yashi, yana ɗaga hannu. Inji yana ƙara, abokansa suna waƙa, kowa ya fuskanci gaɓa. Ni kaɗai nake kallon baya." Ta gyara ɗankwalinta. "Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba. Na dawo gida na wanke tukwane."

"Mzee ya sani?"

"Sai da yamma, da aka zo nema. Ya buɗe kwando, ya shinshina, ya dube ni. Ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba. Ya ce shi ya riga ya ci rabonsa na duniya."

"Da kin bar shi ya tafi kurkuku?"

"Tun jiya nake cewa Laraba zan je kotu in faɗa. Ko da zan je, ko ba zan je ba, wallahi ban sani ba. Gara da ka zo."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta rufe tukunya, ta ba maƙwabciya makulli. Mdoe bai sa mata ankwa ba. Suka bi ta kasuwar kifi, ita a gaba shi a baya, mutane suna gaishe ta tana amsawa.

Shugaban ofis bai ji daɗi ba, don sai an sake buga takarda. Amma da ya yi tunani ya ga dangin mamacin za su fi son kisan gilla a kan sakaci, ya yi wa Mdoe barka.

Sel ɗin mata cike yake da baburan da aka kama, saboda haka ɗaki ɗaya ne ya rage. Marwa ya buɗe ƙofar.

"Mzee, fito. An sallame ka."

Tsohon ya ɗago kai ya ga 'yarsa tsaye a bayan sajan. Bai yi ihu ba. Ya dubi Mdoe.

"Na roƙe ka abu ɗaya, ɗana."

"Na sani, Mzee."

"Wa ka taimaka?"

Mdoe ya mayar da idonsa kan littafin rajistar ofis.

Mzee Sudi ya dafa bango ya miƙe a hankali. A bakin ƙofa suka haɗu, shi zai fita, ita za ta shiga. Ya warware mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙa mata.

"Ki kwanta ta gefen hagu," ya ce. "Can ƙasar ba ta da laima. Kada ki sha ruwan bokitin."

"To, Baba."

Marwa ya juya makulli. Tsohon ya fita har bakin baranda, ya tsaya yana duban hanya, sannan ya zauna a kan matakala ya jingina da bangon sel ɗin ta waje.