Bidiyon Barakatu Mai Ganga

"Rubuta sunanki ki gani!"

Mastura ce ta faɗo ɗakinsu Barakatu a unguwar Mahjar ta Jidda, ko sallama babu, ta cilla mata waya a cinya.

Barakatu ta rubuta sunanta a intanet. Sai ga ta nan a bidiyo, kai ba ɗankwali, tana dukan ganga tana waƙa a bikin mata. A ƙasa an rangaɗa sunanta har da na mahaifinta.

Innalillahi!

Tana 'yar sha shida aka ɗauka, lokacin da take bin gwaggonta kiɗan biki. A ƙofa ake karɓe wayoyi, amma wata marar tsoron Allah ta shiga da tata a ɓoye. Gwaggon ta rasu tuni, gangar ma an sayar, Barakatu ta koma ɗinkin abaya. Kowa ya manta, ban da intanet.

"Kawu Badaru ya gani," in ji Mastura tana taunar cingam. "Ya ce ɗansa ba zai auri wadda duk ɗan iskan gari ya san tsawon gashinta ba. Halas, magana ta ƙare!"

Ai dama ita ma Mastura Abdulghaffar ɗin take so, ɗan kawun nata, har karnukan unguwa sun san da wannan.

Bayan la'asar Abdulghaffar ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Habibti, bar kukan nan, kina ƙona min zuciya..."

"Ka kalla?"

"Wallahi ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba."

"Me Baba ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wai ranar da ya rubuta sunanki bai ga komai ba, ranar za a ɗaura auren."

Kai, bawan Allahn nan ya yi yawo! Ya nemo mai shafin ya roƙe shi har ya cire. Kafin mako ya zagayo, abu ya ɓullo a wasu shafukan. Ya tuntuɓi kamfanin da ake binciken a cikinsa, suka ce su ba su saka ba, hanya kawai suke nunawa. Wani lauya a unguwar Balad ya ce wadda ke cikin bidiyon ce kaɗai za ta kai ƙara, da ƙafarta, da takardunta.

Takardu kuma? A Jidda aka haifi Barakatu, amma iyayenta hajji suka zo suka zauna. Ko warin iƙama, takardar izinin zama, ba ta taɓa riƙewa ba.

"Kada ki kuskura ki je, rabin raina. Za su riƙe ki."

"To in zauna ina kallo a ba ka Mastura?"

"Zan nemo wata hanyar."

Babu wata hanya, ita ma ta sani. Tsoro ya cika ta fal, amma son ya fi ƙarfin tsoron. Wata safiya ta zura abayarta ta tafi ofishin 'yan sanda ba tare da ta gaya wa kowa ba. Jami'in ya saurare ta tsaf, har da ba ta ruwa. Da ta gama ya miƙo hannu.

"Iƙama?"

Daga gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu ta ari waya ta kira Abdulghaffar. Kano za a kai ta, garin da a bakin mahaifiyarta kawai ta san shi.

"Me ya sa, Barakatu? Me ya sa kika yi min haka?" Kuka yake yi kamar ƙaramin yaro.

"Na zaci za su goge kafin su kore ni..."

"Wallahi sai na sa an goge shi, ko zan ƙarar da rayuwata!"

Ta share hawaye da gefen mayafinta. Matar da ta ara mata wayar ta fara miƙo hannu.

"A'a, Abdulghaffar, bar shi kawai. In kewata ta dame ka, ka kalla, na yafe maka. Duk faɗin Jidda nan kaɗai na rage."