Ƙyallen Ƙarƙashin Allura

Ranar Talata da hantsi aka kai ƙara ofishin 'yan sanda na Wurno cewa kekunan ɗinki goma sun ɓace daga wata cibiyar koya wa matasa sana'a. Mai ƙarar shi ne Alhaji Zayyanu, wanda gwamnati ta ba kwangilar cibiyoyi uku: Wurno, Rabah da Goronyo. Ranar ce kuma masu sa ido kan kwangilar suka iso daga Sakkwato ba tare da sanarwa ba.

A cibiyar, Sufeto Maigandi ya tarar da 'yan mata zaune a kan benci, ba keke gabansu. Wasu na motsa ƙafa sama da ƙasa, suna taka abin da babu shi. Ya daɗe yana kallon ƙafafun.

"Wa ad da makulli?"

"Juwairiyya, malamarsu," in ji Alhaji. "Ni na ɗauke ta aiki don tausai, ga sakayya."

Juwairiyya na tsaye jikin bango, ba ta ko ɗago kai ba. Ta san in aka tafi da ita, ba mai sake ba ta ko yankan aljihu a garin nan.

Sufeto ya ɗauki kwaɗon ƙofar, wanda aka fasa. An dake shi da guduma, amma jikin ƙyauren ko ƙwarzane babu. A ƙasa aka ajiye shi aka fasa. Cikin ɗakin kuma, inda ƙafafun kekuna suka bar shaida a siminti, ɓawon albasa ne ja ko'ina.

"Malama, albasa kuka ɗinkawa nan?"

"A'a, Yallaɓai."

"Yaushe kinka ga kekunan ƙarshe?"

Ta dubi Alhaji, ta dubi ƙasa. "Jiya."

"'Yan matan ga ba jiya sunka koyi taka iska ba. Sun ƙware."

Ta ce a hankali, "Kowane wata ana ɗaukarsu gyara. Sati biyu, wani bi uku. Alhaji yac ce in na faɗi, aikina ya ƙare."

"Ƙarya ta kai!" in ji Alhaji.

Babban jami'in masu sa ido yana gindin darbejiya yana fifita da fayil. Sufeto ya nemi ganin hotunan ziyarar da suka yi a baya. Jami'in ya miƙa wayarsa cikin gajiya.

"Komi daidai muka tarar. Rabah goma, Goronyo goma, nan goma. Muna aiko takarda sati guda kafin mu zo. Yau ne kawai direbanmu ya ɓata tsari, Goronyo ya kamata mu je."

Sufeto ya faɗaɗa hoton Rabah. Ƙarƙashin allurar keke na uku akwai ɗan ƙyalle kore mai ɗigon fari. Ya buɗe na Goronyo. Keke na uku, ƙyalle kore mai ɗigon fari.

Ya kira Juwairiyya. "Mi ne na wanga?"

"In tela ya tashi aiki, yakan bar ƙyalle ƙarƙashin allura don ya tsotse mai." Ta matso da fuskarta. "Yallaɓai, wanga guntun zanena ne. Ga sauran shi jikina."

Bayan azahar Sufeto ya isa Goronyo tare da Alhaji da Juwairiyya. Ƙofar cibiyar akwai motar albasa, direbanta Iliyasu na barci ƙarƙashinta. Sufeto ya tashe shi.

"Mi ka ɗauko daga Wurno?"

"Albasa, ranka shi daɗe."

"Albasa mai ƙafar ƙarfe?"

Iliyasu ya sosa ƙeya. "Ni dai lodi aka yi mini. Na kai su Rabah, na kai su nan, na maishe su Wurno. Kekunan ga sun fi ni sanin hanya."

A ciki, kekuna goma na jere, an goge su. Ƙyallen na nan inda Juwairiyya ta bar shi.

Alhaji Zayyanu ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai ɗaga murya ba.

"Kekuna talatin anka ba ni. Ashirin na saida tun bara. Goma na isa, tunda ba su zuwa gari uku rana guda. Shekara guda ba wanda yat tambaya. Da na ga motarsu yau, sai na fasa kwaɗon."

"Ka kuma miƙa yarinyar."

"Ita ad da makulli."

Aka sa masa ankwa, aka kai shi mota. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya bi su.

Juwairiyya ta tambayi yaushe za a mayar da kekunan. Sufeto ya ce yanzu shaida ne, sai kotu ta gama. Ta ɗaga allurar keke na uku, ta zare ƙyallenta.

"Shi ma shaida ne, Malama."

Ta mayar da shi, ta sauke allurar a kansa yadda ta saba.

Washegari a Wurno 'yan matan suka zo da ƙarfe takwas. Juwairiyya ta ce kowa ta gyara zama, ta miƙe baya. Suka fara taka iska.