Takabar Miji Mai Rai

Tsahara na tuƙa tuwo a tsakar gida tarin ya sake fitowa daga ɗakin baya, inda ake jibge fatu. Iya Sa'a maƙwabciyarsu, wadda ta shigo ɗibar wuta, ta saki kaskon garwashi ya tarwatse.

"La'ilaha illallahu! Tsahara, wanga tari ai na Nomau ne!"

"Ɓera ne, Iya."

"Ɓera ka tari haka? Yarinya, rufa mani asiri!" Ta fice ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Kunnen Iya bai yi ƙarya ba. Nomau mijin Tsahara, mahauci a kasuwar Adjamé, can kudu a wani birnin bakin teku, yana ɗakin nan tun farkon damina. Agana ce ta kama shi, yayansa Harisu ya ɓoye shi don kada lokotoron Nasara, wato likitan Turawa, ya zo ya ƙone musu kaya, ya ce wa jama'a ya tafi gida Madawa ganin dangi. Agana ta tafi, amma ta tafi da idanun Nomau duka biyu. Harisu kuwa, mai girman kai kamar ya fashe, ya rantse ba wanda zai ga ɗan gidansu da sanda.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ta Harisu har jikoki ta yi. Kafin rana ta faɗi labari ya game unguwa cewa Nomau ya rasu a hanya, kurwarsa ce ta dawo tana tari a ɗakin fatu. Yara suka daina bin jikin katangar gidan. Da mahauta suka zo gaisuwa, Harisu ya sunkuyar da kai ya karɓa! Liman ya sa Juma'a a yi addu'a, ranar kuma Tsahara ta shiga takaba.

Ta durƙusa gaban Harisu tana kuka. "Yaya, ka ji tsoron Allah! Takabar mai rai zan yi?"

"Mi kike so in ce ma kartiye, unguwa duka? Mun yi ƙarya? In an gama, in sa shi jirgin ƙasa zuwa arewa a ɓoye. Kakanmu bai yi bara ba, ba za a fara kanmu ba!"

Ta kai wa mijinta abinci. Ɗakin duhu ne ko da rana tsaka, sai warin fata da gishiri. Nomau na zaune jikin bango, ya rame har ita kanta wani lokaci gabanta kan faɗi in ta gan shi.

"Na ji komai," ya ce a hankali. "Na ji suna yi mani Allah ya jiƙan rai, har na amsa da amin. Tsahara, ki yi takabar. Ke yarinya ce, ki samu mai ido."

"Maigida, ranar da ka aure ni idonka aka ɗaura mani, ko kai?"

Ya lalubo hannunta ya riƙe, hawaye na gangarowa ta cikin zanen agana. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga mutumin ya soma yarda cewa ya mutu.

Ran Alhamis da safe ta ce za ta sayen gishiri. Ta gangara har bakin ruwa, ta haye wata gada mai lilo a kan tafki zuwa unguwar Treichville, tana tambaya har aka nuna mata gidan Kailu, Sarkin Makafi. Ta zaci za ta tarar da masu ƙoƙon bara. Sai ta iske maza a rumfa suna tufkar igiya, wasu na saƙar tabarma, matansu na dafa tukunya guda ta kowa da kowa, ana ta ba'a da dariya.

Dattijon ya saurare ta har ta kai aya.

"Ɗiyata, ba ke ce farau ba. Ni a rumbu aka ɓoye ni. Al'adarmu, in ido ya mutu a wani gida mukan je gaisuwa da sanda, mu ɗauko ɗan'uwanmu ya koyi tafiya da sana'a, iyalinsa su ci daga tukunyarmu har ya tsaya da ƙafarsa. Amma ba mu shiga gida sai wani na ciki ya kira mu. Kin kira mu?"

"Na kira ku, ranka ya daɗe."

Bayan sallar Juma'a ƙofar gidan Harisu ta cika. Liman ya ɗaga hannu ke nan aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bakin lungu. Makafi ne a jere, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, Tsahara na ja musu gaba. Suka wuce taron suka tsaya a ƙofar ɗakin fatu. Harisu ya miƙe zumbur.

Kailu ya buga ƙyauren da sanda. "Nomau! Ga 'yan'uwanka sun zo! Ido ne ya mutu, ba kai ba. Fito ka karɓi sandarka!"

Tsahara ta ji kamar ranta zai fita. Can ƙyaure ya motsa, hannu ya fito yana lalube, Kailu ya danƙa masa sabuwar sanda. Mata suka watse da ihu, Iya Sa'a ce a gaba. Nomau ya tako har tsakiyar masu yi masa addu'a, ya yi sallama.

Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya amsa, ya juya ga Harisu. "Mun zo roƙa wa mamaci gafara. Yanzu kai ne mai bukatarta."

Harisu ya zube ya kama ƙafafun ƙanensa yana kuka kamar yaro. Nomau ya lalubo kansa ya ɗago shi.

Nomau ya koyi tufka a gidan Kailu. Kafin wata damina, igiyarsa ce fataken shanu ke nema a Adjamé, Harisu da kansa ke ratayo ta daga Treichville. Tsahara ta haifi namiji, uban ya shafa fuskar jaririn ya ce hancin uwarsa ya ɗauko, aka yi ta dariya.

Haƙurin Tsahara da ƙafar da ta taka suka cece su. Nakasa jarrabawa ce daga Allah, ba abin kunya ba. Wanda ya kulle nasa a ɗaki don gudun bakin mutane, ya binne shi da ransa, alhali masu riƙe masa hannu suna nan ƙetaren ruwa, kira kawai suke jira.