Hoto Na Talatin Da Shida

"Yaya Haris... ina hotunansa?"

Zaituna na riƙe da wayarta. Kwana uku ke nan da kwale-kwale ya kife da saurayinta Shu'ibu a hanyar Auyo, bayan ambaliya ta cinye titi.

"Na goge," in ji yayan nata, ko ɗago kai bai yi ba. "Ba aure tsakaninku, kukan ya isa haka."

Hoto sama da ɗari biyu, da dannawa ɗaya. Nan ta zube, kukan ma ya ƙi fitowa.

Dama a gidan ba mai son Shu'ibu. Shamsiyya 'yar kawunta, wadda ta so shi bai kula ta ba, ita ta cika kunnen Inna, mahaifiyar Zaituna, da cewa mai hoto ne da tsohuwar kyamarar ubansa, ko cefane ba zai iya ba. Inna kuwa in ta hau, sai Allah. Sau biyu yana zuwa gaishe ta tana cewa a ce ba ta nan.

Zaituna ta tuna yammacinsu na ƙarshe a bakin kogin Haɗejiya, ruwa ya fara taɓa gonakin shinkafa.

"Masoyi, wai me zai hana ka sayi ta zamani? Ka ɗauka, ka gani nan take, in bai yi kyau ba ka goge."

"Abin da ya raba ni da ita ke nan, sanyin idona. Fim ɗina talatin da shida kawai yake ɗauka. Kafin in danna sai na tabbata ina son abin."

"To nawa ka ɓata a kaina?"

"Talatin da biyar."

Kunya ta kama ta. Ta fizge kyamarar. "Na ƙarshen naka ne. Tsaya nan... kar ka motsa."

Ya tsaya yana dariya, hularsa a karkace, ta danna. Ya ce sai ya je Kano za a wanke, don a gari ya rasa mai yi.

Bai je ba.

Ranar addu'ar bakwai, mahaifiyarsa Ya Gumsu ta ja ta ɗaki, ta miƙa mata kyamarar a naɗe cikin ɗankwali.

"Karɓi, 'yata. Ya ce duk abin da ke ciki naki ne."

Zaituna ta rungume ta a ƙirji. Duk duniya nan kaɗai fuskarsa ta rage mata, don shi kullum a bayan kyamara yake. Ta ɓoye ta a ƙasan akwati, washegari ta tafi tasha tambayar ko motar Kano na samun hanya.

Da azahar ta dawo, rana na tsaka.

Tana shiga gida ta daskare.

Inna ce zaune a tsakar gida, kyamarar a buɗe kan cinyarta. Ta zaro fim ɗin gaba ɗaya, ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido. Baiwar Allah, ita a saninta hoto hoto ne, ka buɗe ka gani kamar na waya. Ina za ta san fim ɗin da ba a wanke ba, haske na taɓa shi ya mutu?

"Inna..."

Inna ta juyo, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Zo, auta. Kullum ina jin kukanki, barci ya gagare ni. Na zalunce ki, na zalunci yaron nan. Na ce bari in ga fuskarsa ko sau ɗaya, in san wanda nake roƙa wa gafara." Ta sake ɗaga fim ɗin. "Amma idona ya tsufa, ban ga kowa ba. Nuna min shi."

Zaituna ta so ta kurma ihu, ta faɗa mata abin da ta yi. Sai ta dubi hawayen da ke fuskar tsohuwar.

Ta durƙusa gefenta, ta kama ƙarshen fim ɗin, ta ɗora yatsa a inda babu komai.

"Ga shi nan, Inna."

Inna ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki," ta ce a hankali. "Ashe kyakkyawa ne."