Mai Kan Maciji a Kabarin Kam-Shui

Kwana bakwai da binne mijina Kam-Shui, na ɗauki kunun shinkafa na hau tudun da ke bayan ƙauyenmu a tsibirin Lantau. Rana ta kusa faɗuwa. Ciwon maƙogwaro ne ajalinsa, makonsa na ƙarshe ko ruwa ba ya wucewa. Shi ya sa na dama kunun ruwa-ruwa.

Na kunna turare, na ajiye kwanon gaban kabarin. Gyare na ta kuka, iska na kawo ƙarnin teku. Can sai daji ya yi tsit.

Na ji faf, faf, kamar ana kaɗa jiƙaƙƙiyar riga.

Wani faɗa-wuta ne ya sauka a bakin kwanon, faɗinsa ya fi tafukana biyu. Ja ne kamar tsatsa, kowane fiffike da 'yar taga da ake hango abin da ke bayanta. Ƙarshen fikafikan sama ya lanƙwashe, da ido da baki, sak kan gamsheƙa. Dalilin da muke ce masa mai kan maciji ke nan. Shi kansa ba shi da baki, ba ya ci har ya mutu.

Ya daɗe kan kunun bai taɓa ba.

"Tsohuwa," aka ce ƙasa-ƙasa. "Yau ma kin cika gishiri?"

Muryar Kam-Shui ce. Shekara talatin da ɗaya haka yake tsokanata.

Na leƙa tagar fiffiken. Ba ciyawa na gani ba. Idonsa ne, har da tabon ƙugiyar kamun kifi a gira.

"Na kasa ci, Wai-Han. Zo ki ba ni a baki."

Faɗa-wutan ya tashi. Na ɗauki kwanon na bi shi.

Kawunan macizan suna waiwayena.

Ƙarar teku ta dawo ƙarƙashin ƙafata.

Aka fizgo ni ta baya. Kwanon ya tafi, ban ji saukarsa ba.

Sau-Ying ce, ƙanwar mijina, tana haki. "Matar yaya, taku ɗaya ya rage miki ki faɗa teku."

"Yunwa yake ji," na ce.

"Yaya ko bakin jirgi ba ya barinki ki matsa. Wannan ba shi ba ne."

Na san gaskiya ta faɗa. Tun ranar ita ke kai abinci kabarin, ni an hana ni hawa tudun. Abin da ban gaya mata ba, duk yamma ƙofata a buɗe take. Ko ba shi ba ne, yana da muryarsa, kuma babu wani mai ita da ya rage mini.