Aljanin Amfilifayar Malam Mikail

Ni Mailafiya, duk cikin badala babu tsohuwar amfilifaya mai ƙwan gilashi da ba ta san hannuna ba. To, gaskiya uku na taɓa buɗewa, biyu ma ba su sake magana ba. Amma ku matso, 'yan majalisa, ku ji abin da ya faru a Sheshe.

Malam Mikail ya gaji irinta wajen mahaifinsa, da ita ake karatun Maulidi a unguwa. Aibinta ɗaya, gurnani. Mai karatu na karatu, ita tana huuum a ƙarƙashinsa. Aka ce kondensar da ke tace wuta bayan ƙwan ce ta yi kaɗan. Aka cire mai lamba talatin da biyu, aka danna mai ɗari biyu da ashirin. Shi kuwa ƙwan nan ba ya ɗaukar abin da ya wuce arba'in. Babbar kondensa zuƙe wuta take lokaci guda, ta shaƙe shi.

Gab da magariba aka kunna. Wani shuɗin tartsatsi ya gilma cikin gilashin. Gurnani ya ɗauke. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsa ba.

Sai dutse a kan kwanon rufin ɗaki. Sai wani. Aka leƙa lungu, ba kowa.

Aka tsinci Bahijja, 'yarsa budurwa, zaune jikin randa, hannun dama a ƙanƙame, ido a kafe. Gurnanin nan ne ke fita daga maƙogwaronta. Uwani, uwarta, ta ce, "Malam, muryar injin nan ce a bakin 'yata." Kwana uku yarinyar ba ci, ba magana, mata na shigowa kallo kamar an kawo kura.

Aka ɗauko Malam Ismail mai ruƙiyya daga Kabuga. Ya tofa, ya turara, ya zabga mata tsumagiya har rigarta ta yage. Sai muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Shekara hamsin ina cikin ƙwan nan, ina jin ɗumi. Kun ƙona mini 'ya'ya biyu."

Malam Ismail ya ce, "Me kake so ka bar ta?"

"A sa kondensa mai lamba goma sha shida."

Mikail, 'yarsa na kwance tana kumfa, ya ce, "Haba, ai gurnani zai hana a ji karatu!" Ka ji uba. Suka yi ta ciniki kamar a kasuwar Kurmi. Ashirin da biyu, a'a. Arba'in da bakwai, a'a. Aka tsaya a talatin da biyu, inda aka taso.

"Zan tafi," in ji aljanin, "amma yatsu biyu nawa ne." Ta yi atishawa, ya fita. Har yau da hagu take cin tuwo, ni na ga...

"Mailafiya."

Au, Mustafa, ƙanin Uwani, yaushe ka zauna a bayana?

"Tun kana zuba. Aljani ya tafi da yatsu, ko? Kai ka sa babbar kondensar. Kai ka zare soket ka ce wuta ta fita, ka ce Bahijja ta riƙe maka wayar. Ni na ɗauke ta daga ƙasa, kai kana tsallake katanga. Da takalminka muka jefe ka, shi ne dutsen kan kwanon."